Leburan da Ya Hana Alkama Mutuwa

Kai da kake karanta wannan da burodi a hannu, ka taɓa tambayar wanda ya riƙe mana irin alkama a shekara goma sha ɗayan da aka yi ana harbe-harbe a ƙasar nan? Ba ka tambaya ba. Ni ma da ba kawuna ba ne, da ban tambaya ba. To ajiye burodin ka saurara, domin mutumin ya rasu.

Ranar Talata, sha takwas ga Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, wan mahaifiyata, wanda duk kwarinmu ke kira Baba Lebura. Ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar ƙirji ta mako biyu. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya nufa. An yi masa sutura bayan azahar. Yawancin waɗanda suka raka shi da laka a ƙafa suka zo, domin lokacin ban ruwa ne, daga gona labari ya same su. Na duba bakin hanya ko zan ga mota ɗaya daga ofishin gona. Ban gani ba. Zan dawo kan wannan.

Kawu, Fetur kake kirana, wai ko inuwar wuta na hango sai na kama. Ka sha gaya mini bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Yau zan yi ƙoƙari in yi magana a hankali saboda girmanka, amma ban yi alkawari ba. Mai karatu kuma ya yi mini uzuri, ni makanikin injin ban ruwa ne. Karatuna a littattafan gyaran inji na tsince shi, da takardun noma da Kawu yake ajiye mini in karanta masa, ina haɗa baƙi ina tuntuɓe yana gyara mini da ka, shi da bai san harafi ko ɗaya ba.

Sunan Lebura ba kirari ba ne. Aikinsa ke nan. Shekara ashirin da shida ya yi a gonar gwaji ta gwamnati da ke bayan garinmu, yana shara, yana ɗaukar buhu, yana riƙe wa masu digiri igiyar awo. Ranar da yaƙi ya iso kwarinmu, ma'aikatan gonar suka kawo babbar mota. Suka loda kujeru, suka loda firiji, suka loda janareta, har labulen ofis suka kwance. Kai kuwa, Kawu, ka tsaya a bakin ɗakin iri kana tambayar wa zai kula da wannan. Manajan ya ce ka sa kwaɗo, mako biyu za su dawo. Mako biyun nan ne ya zama shekara takwas. Bayan kwana uku mutane suka fasa gonar, wani ya kwashi kwanon rufi, wani ya cire ƙyaure, wani ya tafi da tayar tarakta. Kai ka ɗaure rabin buhun alkama a bayan keke ka turo shi gida. Har a majalisa an yi maka dariya, wai kowa ya samo abin da zai rufa ɗaki, Lebura ya samo abincin kaji.

Ba alkamar kasuwa ba ce. Iri ne da aka daɗe ana tacewa a gonar nan har ya saba da ƙasarmu: gajere, iska ba ta kwantar da shi, yana nuna kafin zafi ya sauko. A takardunsu lamba ce da shi. Takardun sun ƙone.

Ga abin da yawancin mutanen birni ba su sani ba, kuma shi ne ƙashin bayan wannan labari. Irin alkama ba zinariya ba ne da za ka haƙa rami ka binne sai yaƙi ya ƙare ka tono. Rai ne da shi, kuma a ƙasa mai zafi ran ba ya daɗewa. Shekarar farko ba wanda ya isa ya fita gona, sai Kawu ya gauraya irin da toka, ya zuba a durom, ya liƙe baki da laka. Kafin ya rufe ya yi wani abu da ya koya a gonar gwaji: ya jiƙa tsumman buhu, ya jera ƙwaya ɗari a kai, layi goma goma, ya naɗe ya ajiye a gindin randa. Bayan kwana bakwai ya warware ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Casa'in da biyu. Da sanyi ya zagayo ya sake yi. Hamsin da takwas. Inna, matarsa, ta ce ranar bai ci abinci ba, ya zauna yana kallon tsumman nan kamar wanda aka miƙa wa takardar asibiti. Ya gane cewa in ya ƙara shekara guda yana ɓoyo, gawa zai tarar a durom. Irin nan ba shi da wata ma'ajiya sai ƙasa. Dole a shuka shi duk shekara, a girbe, a sake shukawa, har ranar da Allah zai kawo zaman lafiya. Shekara ɗaya aka tsallake, shi ke nan, kwarin da kakanninmu suka noma alkama ya koma saye.

A ina za a shuka? Babbar hanyar ruwa an fasa ta tun watan farko. Injinan ban ruwa suna nan jibge a shagona, ba mai, ba kayan gyara. Inda ruwa ya rage kawai shi ne bakin kogi, kuma bakin kogin nan ne iyakar masu faɗa: masu kaki a tudun gabas, marasa kaki a tsallake. A tsakaninsu, a filin da ko akuya ba a kaiwa, nan ka auna taku ashirin tsawo, ashirin faɗi, ka gyara ka shuka. Da bokiti biyu kake ɗibar ruwa. Alkama kuwa sarauniya ce, ba ta san haƙuri ba. Tana son ruwa duk kwana takwas, tana son ruwan kwana ashirin da ɗaya bayan shuka ko da sama za ta faɗo, in ta fara fitar da kai ta ji ƙishi sai ta ba ka ƙaiƙayi. Ba ruwanta da cewa yau ana luguden wuta. Farar riga kake sawa, ka fita da rana tsaka, ka bi hanya ɗaya kullum don kowane ɓangare ya saba da kai. Suka saba. Na ji daga baya cewa masu kaki suna kiranka tsohon mahaukaci, na tsallake kuma suna cewa aljanin kogi. Da nakiya ta tashi da saniyar wani makiyayi taku kaɗan daga inda kake, kunnenka na hagu ya mutu. Bayan kwana huɗu ka koma, saboda kwana takwas sun cika. Tun daga lokacin in na fara zuba sai ka juyo mini da kunnen hagun, ka ce in ci gaba, kana saurare.

Yanzu bari in faɗi laifina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara ta biyar ita ce shekarar yunwa. An rufe hanyoyi, kasuwa ta mutu, mutane suka koma tafasa ganye. Mahaifiyata, ƙanwarka, ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura. Ni kuwa na san akwai buhu guda na alkama a ɗakinka, wata biyu kafin shuka. Na zo na same ka a ƙofar gida cikin mutane, ban ko gaishe ka ba. Na ce ka fito da buhun a niƙa. Ka ce iri ne. Na ce da kai, a gaban sa'o'inka:

“Kawu, alkama ce 'yar'uwarka ko wadda ke kwance? In ta mutu sai ka tura buhun ya riƙa kiranka Yaya.”

Ba wanda ya yi motsi. Da kunnen dama kuwa ka ji ni. Ka shiga ciki ka turo kekenka, keken da yake kai ka kogi, keken da ya ɗauko irin tun farko. Ka tafi da shi. Da la'asar ka dawo a ƙasa da rabin buhun masara a ka, ka sauke a ɗakin mahaifiyata. Da ta ji abin da na faɗa, a kwancen nan ta sa aka kira ni, ta ce in na ƙara ɗaga ido na kalli buhun yayanta ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Ta tashi daga wannan ciwo, ta ƙara shekara huɗu a duniya. Kai kuwa daga ranar da ƙafa kake zuwa kogi, tafiyar awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, mutum mai shekara sittin da shida.

Na yi mako uku ina zagaye ƙofar gidanka kamar kare ya ga sanda. Ranar da na daure na zo ba da haƙuri, ban gama buɗe baki ba ka miƙo mini bokiti.

“Fetur, haƙuri a baki ba ya jiƙa gona. Riƙe wannan.”

Shi ke nan hukuncina. Na riƙe bokitin shekara shida, kuma ban taɓa jin ka tayar da maganar ba, ko da wasa, kai da ba ka barin kowa ya huta da tsokana.

A shekara ta bakwai mun faɗaɗa filin, alkama ta yi kyau, muka sussuke buhu uku. Muna ɗinke bakin na ƙarshe sai ga marasa kaki sun haye da kwalekwale. Shugabansu saurayi ne, ban fi shi shekara biyu ba, da tabarau a goshi. Suka ɗauke duka ukun. Ni bakina ya cika da magana, ka taka mini ƙafa har sai da farcena ya fashe. Suna tafiya ka naɗe wando ka shiga ruwa ka bi su. Na tsaya a gaɓa ina kallon farar rigarka tana ƙanƙancewa, ina tunanin abin da zan gaya wa Inna. Abin da ya faru a can kai ka ba mu labari, kuma wani daga cikin yaran ya tabbatar mini bayan an yi sulhu. Ka tsaya gaban mai tabarau, ka gaishe shi kamar yadda ake gaida mai gari, ka ce:

“Ɗana, ban zo faɗa ba, lissafi na zo tuna maka. In kun cinye duka bana, baɗi me za ku ƙwace?”

Wai dariya ya yi har tabarau ya faɗi. Ya ce a ba tsoho buhu ɗaya, a kuma haye da shi kada ya jiƙa musu abincin baɗi. Haka ka dawo zaune a kwalekwalen 'yan bindiga, rungume da buhu, kamar ango da amarya.

Wannan ya koya maka darasi. Ka ce wanda ya tara ƙwansa a kwando ɗaya bai san hanya ba. Inna ta tattaro gwangwanayen madara, ka cika kowanne da iri, ka liƙe. Ka bi gida-gida, ba ka ba maza ba, matan gida ka ba, wai namiji in ya ji yunwa sai ya kawo hujja, mace kuwa in ta ce babu, ko miji bai isa ba. Gida arba'in da ɗaya, kuma ba gidan da ya san na kusa da shi yana da nasa. Wata ta sa a cikin matashi, wata a ƙarƙashin murhu, wata a tukunyar da take ajiye kayan haihuwa. Duk bayan girbi sai ka zagaya da sabo, ka ce tsohon su ci, sabon su riƙe. A cikin shekara huɗu gida biyu kawai suka buɗe nasu kafin lokaci. Ba ka taɓa faɗin sunansu ba. Na matsa maka, ka juyo mini da kunnen hagu.

A shekara ta takwas ofishin gona ya farfaɗo a birni, da sabon shugaba da sababbin motoci. Suka aiko mana da irin agaji. Yaushe? Ƙarshen Janairu, sanyi yana haɗa kayansa. Ko yaron da aka yaye jiya a kwarinmu ya san alkamar da ba ta shiga ƙasa ba kafin tsakiyar Disamba ciyawa ce. Suka jera mu da buhuna a gabanmu, suka ɗauki hoto, suka juya. Irin ma na wata ƙasa ne mai dogon sanyi, an shafe shi da jan magani, ya sha rana a tasha wata nawa Allah kaɗai Ya sani. Kawu ya jera ɗari a tsumma, goma sha ɗaya suka tsiro. Waɗanda suka shuka sun samu kai ba ƙwaya. Waɗanda yunwa ta ci ƙarfinsu suka wanke jan maganin suka dafa, yara suka kwana biyu suna amai. Ka naɗe tsumman nan ka ba direban ofis ya kai wa shugabansu ya gani da idonsa. Amsar da direba ya kawo ita ce, wai tun yaushe lebura ya fara gwajin iri. Shekara uku a jere suna zuwa a makare, kuma a duk rahotonsu manoman kwarinmu ne ba su da himma.

Sai Allah Ya kawo sulhu.

Masu cire nakiya suka zo suka bi gonaki suna jera fararen duwatsu a duk inda suka share. Ni kuma na kwance injuna uku matattu na haɗa guda mai rai, yana tari yana hayaƙi, amma yana jan ruwa. Ranar da ruwa ya fara gudu a tsohuwar hanya, Kawu ya sa aka yi shela: duk matar da ke riƙe da ajiyar Lebura ta fito da ita gindin bishiyar kasuwa. Kai mai karatu, da ka ga wannan rana. Mata suna fitowa daga lungu-lungu, kowacce da gwangwani a ƙarƙashin mayafi, suna kallon juna. Maƙwabta na shekara talatin, katanga ɗaya, kowacce tana zaton ita kaɗai ce amintacciya. Matar mai injin niƙa ta dubi matar tela ta ce, ashe tsohon nan mu duka ya yaudara. Maza kuwa suka tsaya baki buɗe. Wani ya rantse shekara huɗu yana kwana da kansa a kan alkama, yana mafarkin burodi, bai san dalili ba.

Abin da aka tara bai cika buhu biyu ba. Ka hana kowa ci. Aka shuka a fili ɗaya, aka girbe, ka sake hanawa, har aka fara cewa Lebura ya fi yaƙin tsanani. Aka raba wa gidaje, aka shuka bara. A watan Maris na bana, in ka hau tudun da masu kaki suka taɓa girke bindigoginsu, iyakar ganinka alkama ce, ta yi ruwan zinariya tun daga bakin kogi har bayan makaranta. Yaran da aka haifa cikin yaƙi suna tambaya wace irin shinkafa ce wannan mai gashi. Tsofaffin laujuna suka fito daga rufin ɗaki, maƙeri ya yi mako biyu bai miƙe ba. Mun ɗinke buhu fiye da ɗari bakwai. Mai inji ya wanke dutsensa ya niƙa alkamar gida karo na farko cikin shekara goma sha uku, mai gidan burodi ya gasa, aka kawo maka na farko da zafinsa. Ka gutsura, ka tauna da haƙoranka huɗu, kowa yana jiran jawabi. Ka ce gishiri ya yi kaɗan.

Ba ka taɓa sa wa irin nan suna ba. Mata ne suka sa masa: Ta-ƙi-gudu. Yanzu haka ake kiranta har a kasuwannin da ba su san fuskarka ba.

Kawu, ka ci nasara. Ina so a rubuta wannan ƙarara kafin in shiga abin da ke ci mini rai. Masu bindiga sun zo sun tafi, masu digiri sun gudu sun dawo, kai kana nan da bokitinka. Ba ka harbi kowa ba, ba ka roƙi kowa ba, tun da ka fara shuka ba ka tsallake shekara ko ɗaya ba. Bana mun gama shuka kwana tara kafin rasuwarka. Ranar Lahadi ka sa muka ɗauke ka a kujera zuwa bakin gona, ka ga tsiro ya keto ƙasa layi-layi, ka sa hannu ka shafa kamar kan jariri. Ka ce wa ɗan maƙwabcinmu shukarsa ta yi kauri da yawa, ya zubar da iri kamar na gwamnati. Ko sarki bai yi bankwana da ya fi wannan ba.

Amma ka tafi da tambaya a bakinka, kuma ita ce ta hana ni yin shiru.

Bayan girbi, mutanen ƙauyuka shida da ke gangaren kogi suka turo dattawansu. Su yaƙi ya cinye nasu irin ƙurmus, ba wanda ya riƙe musu. Ka tara mu ka ce kowane gida ya fitar da buhu guda, mafi kyau, kyauta. Ba wanda ya yi musu. Da yake hanyar gangare ba ta biyuwa sai da babbar mota, kuma ofishin gona ne ke da ita, ka ce a ba su su kai. Na ce kada a ba su. Na faɗa da ƙarfi, na faɗa da baƙar magana, kamar yadda na saba. Ka ce mutum yakan gyaru, kuma ba a gina ƙasa da riƙo. Motar ta zo a watan Mayu ta kwashe buhu arba'in da ɗaya.

A watan Yuli muka ji shugaban ofishin a rediyo. Wai ofishinsa, bayan dogon bincike, ya samar da sabon irin alkama mai jure zafi, kuma za a raba wa manoman gangare a wani gagarumin biki da zarar babban baƙo ya sa rana. Ya faɗi sunan kansa, ya faɗi sunan shirin, ya gode wa direbobi ma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tashi zan fasa rediyon, ka ce in zauna, rediyon naka ne. Ka ce su sa masa sunan kakarsu in sun ga dama, ƙasa ba ta karanta allo, su dai kai shi kan lokaci.

Ba su kai ba. Babban baƙo bai sa rana ba. Mutanen gangare sun yi huɗa, sun gyara hanyar ruwa da hannu, suna zaune suna kallon titi. A jinyarka duk wanda ya shigo gaishe ka daga wajen birni, kafin ya zauna sai ka tambaye shi ko an buɗe siton da ofis ya ajiye irin. Da safiyar Talata Inna ka tambaya. Ta ce maka an kusa, Allah Ya yafe mata.

Washegarin sadakar uku na hau mota na je ofishin da kaina. Shugaba yana taro, mataimaki yana tafiya, mai riƙe da makulli ya je jana'iza. Mai gadi, wani dattijo mai kunya, ya zagaya da ni baya ya nuna mini taga. Ɗaki ne mai rufin kwano, ba silin, ba iska. Buhunanmu ne, na gane ɗinkin Inna. An jibge su a kan siminti ba katako a ƙasa, an manna wa kowanne takarda mai hoton shugaba. Ƙwari suna yawo a kansu, gari ya fara zuba a gindin na ƙasa. Mai gadin ya ce shi ma ɗan manomi ne, kullum in ya wuce tagar nan sai ya kau da kai.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maka da kafaɗun da bokiti ya cinye. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya ƙasa mai ƙishi. Duk ƙwayar da ta tsiro daga hannunsa, duk bakin da ya ci, mutum ko tsuntsu, Ka sa a mizaninsa. Ka haɗa shi da ƙanwarsa a gidan Aljanna. Ka yafe mini maganar da na faɗa masa a ƙofar gida. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi shekara goma tana tsaye a bakin ƙofa duk kwana takwas har sai ta hango farar riga. Ga 'ya'yansa mata uku da jikokinsa. Ga matan gida arba'in da ɗaya. Da mutanen gangare, waɗanda suka yi rashin mutumin da ba su taɓa gani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura kai, shugaban ofishin gona. Sunan ka riƙe, mai shi ya bar maka. Hoton ma ka riƙe. Amma yau ashirin da huɗu ga Nuwamba, kuma ƙauyuka shida suna da mako uku kafin ƙasa ta rufe musu ƙofa sai baɗi, baɗin da abin da ke sitonka ba zai kai ba. Kada ka aiko mini da direba, kada ka kira ni ofis a ba ni shayi. Ka koma gidan rediyon da ka yi magana a watan Yuli, a shirin nan na manoma, inda mutanen gangare za su ji ka da kunnensu, ka amsa abu ɗaya: wace rana, ranar mene ne, ƙarfe nawa za ka buɗe sito? In makullin ne ya ɓace, ka faɗa a nan ma. Ni makanike ne, ina da abin yanka kwaɗo.